Ruwan Tafkin Ninƙaya da Tasirinsa ga Dabbobin Gida da Shuke-shuke

Ruwan tafkin ninƙaya ruwa ne da ake zuba wa magunguna don kashe ƙwayoyin cuta da hana gansakuka fitowa. Babban maganin shi ne kulorin. A tafkin da ake kula da shi, yawansa kan tsaya tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, bai ma kai iyakar miligiram 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wa ruwan sha ba. Don haka kulorin ɗin da aka fi tsoro ba shi ne babban abin damuwa ba. Inda gizo ke saƙar shi ne gishiri, da magungunan da ba a riga an sirka su ba.

Karnuka da kyanwoyi

Idan kare ko kyanwa suka ɗan lashi ruwan, babu abin da zai same su. In an sha da yawa ne ake samun amai da gudawa. Abin da ya fi wannan muni yakan faɗa wa karen da ake ta jefa wa ƙwallo cikin ruwa: yana iyo baki buɗe, yana haɗiya bai sani ba, har sodiyam, wato sinadarin gishirin da ke jininsa, ya yi ƙasa. Sai a ga ya fito yana tangaɗi, miyau na dalala, ciki ya kumbura. Wannan ba abin jira ba ne, sai a garzaya wurin likitan dabbobi.

Ƙwayoyin kulorin da ake ajiyewa a bokiti su ne guba ta gaske, domin ƙarfin wasunsu ya kai kashi 90 cikin 100. Suna ƙona baki da maƙogwaro. Dabbar da ta tauna ɗaya kada a sa ta amai, don abin da ya ƙona a shiga zai sake ƙonawa a fita. A ɗauraye mata baki, a kai ta asibiti. Haka kuma in an yi wa tafki babban zubi, wanda kan kai kulorin miligiram 10 ko fiye, a tsare dabbobi har ya sauka.

Bayan iyo a ɗauraye jikin kare, a goge masa kunnuwa, domin danshi ke kawo ciwon kunne. Tafkin da aka yi watsi da shi ya koma kore ya fi mai magani haɗari, saboda wasu halittu masu kama da gansakuka kan fitar da dafin da ke lalata hanta da jijiyoyi.

Kifi da kwaɗi

A nan lissafin ya juya. Kulorin ko da miligiram 0.1 a lita yana lalata sassan da kifi ke numfashi da su, kwaɗo kuwa ta fata yake tsotsar ruwa. Maganin gansakuka mai ɗauke da sinadarin jan ƙarfe ma yana kashe kifi. Bai dace ko kaɗan a saki wannan ruwa cikin kududdufi ko rafi ba.

Shuke-shuke

Fantsamar ruwa a kan ciyawa ba ta komai. Rana na cinye kulorin, ruɓaɓɓen ganyen da ke cikin ƙasa kuma ya kashe ƙarfin sauran. Gishiri kuwa ba ya tafiya ko'ina. Akwai tafkunan da ke da na'urar da ke amfani da lantarki ta fitar da kulorin daga gishiri, kuma ruwansu na ɗauke da kusan miligiram 3,000 a lita. Idan aka kwatanta da na teku, mai kusan 35,000, sai a ga kamar kaɗan ne. Amma a ma'aunin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ruwan ban-ruwa da ya wuce 2,000 ya riga ya shiga sahun mai matsala sosai.

Ɓarnar a hankali take zuwa, shi ya sa ba a cika gane ta da wuri ba. Ruwa ya ƙafe ya bar gishiri, gobe a ƙara, har saiwa ta kasa jan ruwa alhali ƙasar a jiƙe take. Mai lambu ya ga bakin ganye ya ƙone, shuka ta yi yaushi, sai ya zaci ƙishirwa ce ya ƙara mata irin ruwan da ke kashe ta. A ƙasa mai yumɓu abin ya fi tsanani, domin sodiyam na sa ta daskare, wani lokaci har farin ɓawo ya fito a samanta. Wake da lemo da fiya ba sa jure gishiri. Dabino da sha'ir sun fi su dauriya. Shukar tukunya ta fi kowa shan wahala, tunda ƙasarta kaɗan ce.

Wanda zai kwashe ruwan tafkin da ba na gishiri ba ya yi ban-ruwa da shi, sai ya daina zuba kulorin kamar mako guda, ya bar tafkin a buɗe a rana, ya auna har ya ga ya kusa sifili. Inda aka sa sayanurik asid, maganin da ke kare kulorin daga rana, jiran kan fi haka tsawo. Daga nan a saki ruwan a hankali a gindin shuka, ba a kan ganye ba, ana sauya wuri don kada ya kwanta.