Antonio Ortiz Mena

Antonio Ortiz Mena lauya ne ɗan ƙasar Meziko da ya riƙe ma'aikatar kuɗi shekara 12, daga 1958 zuwa 1970, a zamanin shugabanni biyu, Adolfo López Mateos da Gustavo Díaz Ordaz. An haife shi a garin Parral na jihar Chihuahua ranar 16 ga Afrilu, 1907. Ya karanta shari'a a jami'ar ƙasa da ke birnin Meziko, kuma daga 1952 zuwa 1958 shi ne shugaban hukumar inshorar ma'aikata, IMSS.

Abin da ya sa ake tunawa da shi shi ne tsarin haɓaka tattalin arziki ba tare da farashin kaya ya tashi ba. Tun 1954 aka tsayar da canjin dala ɗaya a kan peso (kuɗin Meziko) 12.50, shi kuwa ya riƙe wannan farashi gam. Ɗan kasuwar da ya yi odar injin saƙa daga Amurka a 1959, in ya koma sayen kayan gyaransa a 1969, canjin da ya sani shi zai tarar. Maimakon buga sababbin kuɗi, gwamnati ta riƙa cike giɓin kasafinta da ajiyar da doka ta tilasta wa bankuna su kai babban banki, wanda Rodrigo Gómez ke jagoranta, sai kuma rance daga waje. Tattalin arziki ya riƙa ƙaruwa da sama da kashi 6 cikin ɗari a shekara, hauhawar farashi kuwa ba ta kai kashi 3 ba a matsakaici. A 1960 gwamnati ta saye kamfanonin lantarki daga hannun baƙi.

Inda ya gaza shi ne haraji, kuma gazawar ba ƙarama ba ce. A 1960 an gayyato masanin tattalin arziki Nicholas Kaldor daga Ingila, ya ba da shawarar a ƙara wa masu dukiya haraji, amma attajirai suka taso, gyaran ya fito a raunane. Masu masana'antu sun ci moriyar katange kasuwa daga kayan waje, ƙananan manoman masara a karkara kuwa aka bar su a baya. Canjin 12.50 ya rushe a 1976, zamanin shugaban ƙasa Luis Echeverría.

Daga 1971 zuwa 1988 Ortiz Mena ya shugabanci Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka. Ya rasu a birnin Meziko ranar 12 ga Maris, 2007, saura 'yan makonni ya cika shekara 100.