In an kai yara Gamji, a nuna musu itatuwan ma

Yawancinmu a Kaduna ba ma tuna lambun Gamji sai da Sallah ko ranar ɗaukar hoton biki. A ci, a sha, a yar da leda, a kama hanya. Alhali wurin nan na bakin Kogin Kaduna, da yanzu ke ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina, aji ne da ba sai an gina ba. A ciki gadar Gwamna Lugga take, wadda aka gina a Zungeru a 1904, aka ɗauko ta bayan hedikwatar Arewa ta dawo Kaduna, kuma tun 1956 tana cikin kayan tarihin ƙasa. Malamai kan kai ɗalibai su ga gadar, madalla. Roƙona a matsayina na malamin gona shi ne a ƙara musu da darasin itatuwa.

Ba ya buƙatar allo. Ku tsayar da yaro a rana da azahar, sannan ku shigar da shi inuwar babbar bishiya, ya faɗi bambancin da bakinsa. Ya sa tsinke ya tona inda ganye ya daɗe yana zuba: ƙasar baƙa ce, da laushi, da damina har tana zai gani a ciki. Ya tona inda ake takawa kullum, tsinken ma karyewa zai yi. Daga nan bayani ya zo da sauƙi. Ganyen da muke sharewa muna cinna wa wuta taki ne. Saiwa ce ke riƙe gaɓar kogi, inda aka sare itatuwa nan ruwan Agusta da Satumba ke fara zaftarewa. Ledar da ya yar kuwa kwata za ta toshe, ruwan ya dawo mana ɗaki.

Amma kallo kaɗai ba ya raya komai. Kowace shekara ana dashe a garin nan, a yi hoto, a watse, kafin hunturu akuya ta gama da rabi, ƙishi ya ƙarasa sauran. Dasawa aikin minti goma ne, raino shi ne aikin shekara biyu, kuma shi ne ba mu koya wa kowa.

Don haka iyaye da malamai, ga yadda ake yi. Kada a yi dashe sai damina ta zauna, wajen Yuni zuwa Yuli. Ranar dazuzzuka ta duniya 21 ga Maris take faɗowa, a wurinmu tsakiyar zafi ke nan, a yi taro dai amma a bar dashen tukuna. Rami ya kai kamu guda zurfi da faɗi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, ban da ɗanyen kashin kaji, yana ƙona saiwa. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da an watsa ƙasar jikin ba, wannan shi ne kuskuren da na fi gani. A danne gindin, a kewaye da ƙaya ko tsohon kwando. Da rani a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a gindin, kada ta taɓa jikin dashen saboda gara, a riƙa ba shi ruwa da yamma. Ruwan alwala ma ya wadatar.

A kuma duba wuri kafin a zaɓi iri. Gida mai ƙaramin tsakar gida zogale ko gwaba ko lemo ya dace da shi. Maɗaci, ɗorawa da tsamiya na filin makaranta da harabar masallaci ne. Mangwaro a nisanta shi da katanga da shadda, turare kuma kada ya kusanci rijiya, shan ruwa gare shi.

Kuɗin dashe bai kamata ya hana kowa ba. Ledar fiyawata da aka huda ƙasanta, aka cika da ƙasa da taki, ta isa renon irin zogale ko dogonyaro, sai dai irin dogonyaro a shuka shi da zarar an tsinta, ba ya jure ajiya. Kowane aji, boko da islamiyya, ya ɗauki bishiya ɗaya, a rubuta sunayen masu ban ruwa, har da na lokacin hutu.