Malama Keine ta Touhou: tambayoyin da na gaji da amsawa

Tambayoyi iri ɗaya ake ta jefo mini kan Keine Kamishirasawa, har na haddace su. Ga amsoshin a wuri guda. Duk wanda ya sake tambayata ko muguwa ce, nan zan turo shi.

Wace ce ita?

Malamar makaranta ce a Ƙauyen Mutane da ke Gensokyo, ƙasar da aka ƙirƙira a jerin wasannin kwamfuta na Touhou, waɗanda wani ɗan Japan da ake kira ZUN yake yi. Ta fara fitowa a wasa na takwas, Imperishable Night, a shekarar 2004. Ita ce ke tare maka hanya a mataki na uku.

Da gaske ne tana yi wa yara gware?

Eh, wanda bai yi aikin gida ba. Haka ya zo a Perfect Memento in Strict Sense, littafin da ZUN ya fitar a 2006 don bayanin mutanen Gensokyo. Amma don Allah ku daina maida wannan abu ɗaya ya zama shi ne halinta gaba ɗaya. Mace ta tsaya ita kaɗai cikin dare tana gadin gari guda, ku kuma goshinta kawai kuka riƙe.

Mutum ce ko dodo?

Rabi da rabi. Duk wata tana nan a mutum, da shuɗiyar rigarta. Daren da wata ya cika sai ta rikiɗa ta zama hakutaku: ƙahoni biyu, jela, tufafin su koma kore. Hakutaku dabba ce mai hikima a tatsuniyoyin ƙasar Sin, can ana ce mata Bai Ze, wadda aka ce ta zayyana wa Sarki Huangdi nau'o'in aljanu da dodanni 11,520. Ka ga ashe ilimi a jininta yake.

In mutuniyar kirki ce, me ya sa ta far wa jaruman wasan?

Kai ka tsaya a inda take tsaye mana. An sauya wata na gaskiya da na bogi, dare ya ƙi ƙarewa, asuba ta ƙi zuwa. Ana cikin haka sai ga baƙi biyu sun nufo gari, mutum ɗaya da yokai ɗaya, wato irin halittun nan da mutanen ƙauyen ke tsoro. Me kake so ta yi, ta kawo musu ruwa? Ta ɗauka hari suka kawo, ta tare su. Kuma abin dariyar shi ne zarginta bai yi nisa da gaskiya ba, domin su ɗin ne suka tsayar da daren don su samu lokacin gano wanda ya taɓa watan. Da suka yi galaba a kanta ta gane ba ƙauyen suke nema ba, sai ta nuna musu hanyar da za su bi. Ba ta riƙe su a zuci ba.

Mene ne "cin tarihi" da ake cewa tana yi?

Ɓoyewa ne. Tana siffar mutum takan iya rufe tarihin abu har ya zama kamar bai taɓa wanzuwa ba. A daren nan tarihin ƙauyen ta rufe, ya ɓace wa idon masu zuwa. Ba ta rushe gida ko ɗaya ba, ba ta kwashe kowa ba, kowa na nan a ɗakinsa. Dabarar ma ba ta ci kowa da kowa ba: Yukari Yakumo, wata yokai mai ƙarfi cikin jaruman wasan, ta iso ta ce ita tana ganin mutanen sarai. A siffar hakutaku kuma akasin haka take yi, ƙirƙirar tarihi.

Cirno, aljanar ƙanƙarar nan ta Touhou, da ƙawayenta ɗalibanta ne?

A'a. Masu zane ne suka cusa su ajin don abin dariya. 'Ya'yan mutanen ƙauyen take koyarwa.

Darasinta na da daɗi?

Ko kaɗan. Littafin 2006 ɗin nan, wanda aka rubuta da bakin Hieda no Akyuu, marubuciyar tarihin ƙauyen, ya nuna darasin nata yana da tsauri kuma yana sa gundura. Makarantar irin wadda ake kira terakoya ce, ta zamanin Edo (1603 zuwa 1868), inda 'ya'yan talakawa ke koyon karatu da rubutu da lissafi a gaban malami ɗaya. Kusan yadda muka san makarantar allo a zauren malam. An killace Gensokyo daga sauran duniya a 1885, shi ya sa tsarin bai canza ba. Ni wannan rauni nata yana burge ni. Ta san abu sosai, isar da shi ne ke ba ta wahala, kuma gobe da safe za ta sake buɗe ajin.

Ina son rubuta labari da ita a ciki. Yaya zan fito da halinta ba tare da na ɓata ta ba?

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna. Kuma kwantar da hankalinka, ZUN ya bar ƙofa a buɗe ga masu ƙirƙirar labarai da zane daga wasanninsa muddin an bi ƙa'idojinsa, ba wanda zai kama ka don ka ɗan kauce. Sai dai amsar ta danganta da abubuwa da yawa.

Da farko, wane dare ne a labarin naka? In daren cikar wata ne, kana da damar sa ta zama mai saurin fushi, domin aikin tarihi na wata guda take tattarawa ta yi a dare ɗaya, kuma ba ta son a katse ta. Amma ko a nan a yi hattara. Fushin mai aiki ne da lokaci ya ƙure masa, hankalinta na nan daram. Masu rubuta ta kamar dabbar da ta haukace tana bin mutane da ƙaho sun yi nisa da ita. A matakin ƙarshe na wasan 2004, wanda ake buɗewa bayan an gama sauran, a wannan siffa ta fito, kuma me ta fito yi? Kare mutum ɗaya a dajin gora. Ƙahonin sun fito, aikin bai canza ba.

Sannan da wa take magana? Da baƙon da take zargi, maganarta gajera ce, kai tsaye, ba sakin fuska. Da iyayen yara ko dattawan gari, ni zan sa ta da ladabi da kiyaye gaisuwa, ko da yake wani zai iya sassauta wannan kuma ba zan yi masa musu ba. Da yara fa, nan mutane suka fi zamewa. Wasu su maida ta uwa mai lallashi, wasu su maida ta azzaluma. In ni ne, ga yadda zan yi: yaro ya zo ba aikin gida, ta hukunta shi a gaban aji ba tare da ta ɗaga murya ba; da la'asar kuma a gan ta a ƙofar gidansu tana tambaya ko lafiya, don ta lura kwana biyu yana gyangyaɗi. Wannan ƙirƙirata ce, amma ta dace da macen da wasan ya nuna.

Abu na uku ya fi wuya, kuma ban ce dole ka warware shi ba. Malamar tarihi ce da ke ɓoye tarihi. Da rana tana koya wa yara abin da ya faru, da dare tana iya shafe abin da ya faru daga idon duniya in ta ga hakan zai tsare su. Kana iya rubuta ta tana jin nauyin wannan a ranta. Kana iya rubuta ta ba ta ga wani saɓani ba sam, tunda duka biyun don mutanen ƙauyen take yi. Na fi karkata ga na biyu, saboda a wasan ba ta yi wata-wata ba kafin ta rufe garin, amma na farkon ya fi ba marubuci abin tattaunawa.

Kada kuma ka sa ta tsani duk wani yokai. A Gensokyo yokai na shiga ƙauyen su yi sayayya, kuma akwai fahimtar cewa ba a taɓa mutum a cikin gari, domin su kansu yokai da tsoron da mutane ke yi musu suke rayuwa. In mutane suka ƙare, su ma sun ƙare. Keine ta san wannan, rabin jikinta ma daga can yake. Ta dai zaɓi ɓangaren da za ta tsaya ne, kuma in abu ya rikice ba ta jiran ta ga ko yarjejeniyar za ta yi aiki.

Soyayya suke yi da Mokou?

Wasan bai faɗi haka ba. Fujiwara no Mokou ita ce wadda ta fito karewa a dajin gora, mace da ta sha maganin hana mutuwa ta rayu fiye da shekara dubu tana gudun mutane. Keine na cikin 'yan kaɗan da suka fahimce ta, kuma "mutum" take kiranta duk da haka. Sauran duk ƙarin masoyan wasan ne. Ku rubuta abin da kuke so, amma kada ku zo kuna ce mini ZUN ne ya faɗa.

Tana da ƙarfi kuwa?

Mataki na uku take, cikin shida. Akwai waɗanda suka fi ta nesa ba kusa ba, kuma ta sha kaye sau biyu a wasa ɗaya. In mai ƙarfi kake nema ka tafi wajen Yukari.

Mece ce wannan a kanta?

Hula ce. Na san ta yi kama da ƙaramin gini, wasu ma sun ce akwatin abinci. Hula ce, kuma ba zan sake amsa wannan ba.