Waiwaye: ina rediyon AM ɗinmu ya shiga?

Duk wanda ya taso a arewa kafin zuwan waya ya san yadda ake zama bayan isha'i, akwatin rediyo a kan tabarma, batir Tiger Head guda huɗu a ciki, ana murɗawa a hankali har a kamo Kaduna. Tun 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe gidan rediyon da sunan BCNN wato kamfanin watsa shirye-shirye na Arewacin Najeriya, daga baya a 1978 tarayya ta karɓe shi ya koma ƙarƙashin FRCN wato hukumar rediyon tarayya, amma mu dai Rediyo Kaduna muka sani. A lokacin yana fita a matsakaicin zango wato AM ɗin kenan, yana kuma fita a gajeren zango mita 49, shi yasa mutumin Maraɗi da na zangon Kumasi da mai kiwo a dajin Borno duk waƙa ɗaya suke ji a lokaci ɗaya. Da dare ma ya fi nisa, don zangon AM yakan daki sama ya dawo ƙasa idan rana ta faɗi.

Kuma kiɗa ne zuciyar abin. Kalangun Shata, kuntigin Ɗan Maraya, kotson makaɗan fada, ga Zaɓi Sonka inda mutum zai sayi kati ya rubuta sunayen 'yan uwa da abokai har na garin da bai taɓa takawa ba, wallahi akwai zumuncin da a katin zaɓe aka ƙulla shi tun kafin a san wani abu Facebook.

To me ya faru? A 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tasha, Raypower ta fara a Legas a 1994, Freedom ta zo Kano a 2003, daga nan FM ta cika gari, sautinta tas babu shuuu babu ƙararrakin damina, masu talla suka bi ta. Ita kuwa na'urar watsa AM ta gidan rediyo cin wuta gareta kamar me, tana son fili babba da doguwar eriya, ga ba wutar NEPA ga tsadar man dizal ga kayan gyara sai an yo oda daga waje, jihohi da dama idan tasu ta lalace sai kawai a jingine a rungumi FM. Sannan wayoyin hannu suka zo da FM kaɗai, waƙa kuma ta koma memori, ka ba mai turi 'yan canji ya cika maka.

Abin da ke ci min rai, FM ta birni ce, kana yin nisa da gari a mota zata fara yankewa. Mutanen ruga da ƙauyukan bakin iyaka su aka bari, haryanzu da rediyonsu rataye a kafaɗa, suna murɗa MW wato AM ɗin, ana samun tasha ɗaya biyu, sauran duk iska.