Yadda Ruwa Ke Cin Dutse

Cin dutse da ruwa ke yi aiki ne mai hawa biyu. Masana ilimin ƙasa suna bambanta ruɓewar dutse a inda yake zaune da zaizaya, wato kwashe ɓaraguzansa zuwa wani wuri. Galibi ruɓewa ce ke share wa zaizaya fage.

Ruwa ta tsaga yake shiga, komai ƙanƙantarta. A ƙasashe masu sanyi, idan ya daskare girmansa kan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, sai ƙanƙarar ta riƙa buɗa tsagar. Ya narke da rana, ya daskare da dare, shekara da shekaru, har dutsen ya dare. A wurare masu fari gishiri ne ke wannan aiki: ruwa ya ƙafe, ya bar ƙwayoyin gishiri suna girma cikin ƙananan ƙofofin dutsen.

Ɓarnar da ta fi yawa kuwa ido ba ya ganinta. Ruwan sama yakan haɗu da iskar kabon, a sararin sama da cikin ƙasa, ya zama asid mai rauni. Rauninsa bai hana shi narkar da dutsen farar ƙasa ba. Haka Kogon Mammoth na jihar Kentaki a Amurka ya samu, wanda hanyoyinsa da aka auna suka haura kilomita 600. Hatta dutsen giranayit, duk taurinsa, ba ya tsira: ma'adinin felsifa da ke cikinsa yakan rikiɗe ya zama yumɓu, ƙwayoyin kwaz, wani ma'adini mai tauri da ke cikin dutsen, su warwatse su zama yashi. Dutse mai ƙarfe a ciki kuwa tsatsa yake yi, shi ya sa launinsa yake zama ja.

A wajen zaizaya, kogi da makami yake aiki, wato yashi da tsakuwar da ya ɗauko. Tsakuwa ɗaya in ta maƙale a wani lotso, ruwa ya yi ta juya ta, sai ta haƙa rami mai santsi kamar turmi. Da irin wannan guga Kogin Kolorado ya yanka kwazazzabon Grand Canyon a Amurka, mai tsawon kilomita 446, da zurfin da ya wuce mita 1,800 a wasu wurare. A magangarar ruwa ta Nayagara, da ke kan iyakar Amurka da Kanada, ruwan yana rarake dutse mai laushi da ke ƙasa, mai taurin da ke sama ya rasa madogara ya rufta. Ta haka magangarar ta ja da baya kimanin kilomita 11 cikin shekaru kusan 12,000.