Tambayoyin da kuke ta maimaita mini kan juyin juya halin Rasha

Duk zangon karatu sai an dawo mini da tambayoyin nan, wasu a aji, wasu su tare ni a hanya ina sauri. Na tara su wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Malam, Lenin ne ya hamɓarar da sarkin Rasha?

A'a. Sarki Nikolas na Biyu ya sauka a watan Maris 1917, lokacin Lenin yana gudun hijira a Siwizalan. Matan da suka gaji da layin burodi a birnin Fetrograd, da ma'aikatan masana'antu, da sojojin da suka ƙi harbinsu, su ne suka kawar da sarkin. Sai a Afrilu Lenin ya iso, cikin jirgin ƙasan da Jamusawa suka bari ya ratsa ƙasarsu. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Kerensky ce ya kifar, bayan wata bakwai. Ku daina cuɗa mini juyi biyu wuri ɗaya.

Amma ai jama'a ne suka zaɓi 'yan Bolshebik?

Ba su zaɓi 'yan Bolshebik, wato jam'iyyar Lenin, ba. An yi zaɓen majalisar tsara kundin mulki a Nuwamba 1917, 'yan Bolshebik suka samu kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u. Jam'iyyar da manoma suka fi bi ce ta zo ta ɗaya. Majalisar ta zauna rana guda tak a Janairu 1918. Can wajen asuba wani sojan ruwa ya je wurin shugaban zaman ya ce masa masu gadi sun gaji, a watse. Da wakilai suka dawo, sai suka tarar da ƙofa a garƙame.

Idan aka tambaye ni a jarrabawa yaushe mulkin kama-karya ya fara, wace shekara zan rubuta?

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna. Ya danganta da yadda aka tsara tambayar, ya kuma danganta da mai duba takardar, don masana tarihin kansu ba su tsaya kan magana ɗaya ba.

In aka ce ka kawo shekara, ni dai 1918 zan ba ka shawara, kuma ka kafa hujja da rufe majalisar nan. Kana iya ƙarawa da cewa tun Disamba 1917 aka kafa 'yan sandan ciki da ake kira Cheka, a ƙarƙashin Dzerzhinsky, kuma an fara rufe jaridun 'yan adawa tun makon farko. Bayan wata mata mai suna Fanny Kaplan ta harbi Lenin a ƙarshen Agusta 1918, gwamnati ta fito fili ta ce za ta yi mulki da ta'addanci, aka shiga kame da harbe mutane ba shari'a.

Sai dai wani malamin zai ce maka ai lokacin yaƙin basasa ne, ga rundunonin tsofaffin hafsoshin sarki, ga sojojin Ingila da Faransa da Amurka da Japan a cikin ƙasar, kuma kowace gwamnati takan tsananta in wuya ta yi wuya. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kada ka yi watsi da ita. Irin wannan malamin 1921 yake so ya gani. A watan Maris na shekarar, sojojin ruwa na sansanin Kronstadt da ke kusa da Fetrograd, waɗanda da kafaɗarsu 'yan Bolshebik suka hau mulki, suka nemi a sake zaɓe na gaskiya, a bar mutane su yi magana. Aka tura musu runduna ta kan ƙanƙarar teku aka murƙushe su. A daidai wannan lokacin babban taron jam'iyya na 10 ya haramta kafa ɓangarori a cikin jam'iyyar kanta. Yaƙi ya kusa ƙarewa, amma maimakon a sassauta wa baki sai aka ƙara ɗaure shi. Kasuwa kawai aka sassauta wa, aka bar manomi ya sayar da rarar hatsinsa.

Akwai kuma masu cewa sai 1929, da Stalin ya gama da abokan hamayyarsa ya fara tilasta wa manoma shiga gonakin gandu. In tambayar ta ce mulkin mutum ɗaya, to nan za ka dosa, domin a zamanin Lenin manyan jam'iyya suna musu da shi a fili, wani lokacin ma su rinjaye shi.

Saboda haka kada hankalinka ya tashi. Zaɓi ɗaya, ka faɗi dalili, ka ambaci sauran biyun a layi ɗaya ko biyu. Abin da ba zan yafe ba shi ne ka rubuta cewa komai lafiya lau yake sai da Stalin ya zo ya ɓata. Gidan da ya shiga, ya tarar an riga an toshe tagoginsa.

Trotsky, babban abokin hamayyar Stalin a jam'iyya, ya fi shi ilimi da iya magana, yaya aka yi ya sha kaye?

Saboda ba a dandalin jawabi aka yi kokawar ba. A Afrilu 1922 aka naɗa Stalin babban sakataren jam'iyya, aikin da manya suke gani na takardu ne kawai. To amma mai wannan kujera shi ke naɗa sakatarorin larduna, su kuma su ke turo wakilai babban taro, wakilan kuma su ke zaɓen shugabanni. Lenin ya farga a kan gadon jinya, ya bar wasiyya cewa mutumin nan yana da kaushin hali, a cire shi. Ya mutu a Janairu 1924, aka karanta wasiyyar a ɗaki, aka rufe maganar. Wasu manyan jam'iyya biyu, Zinoviev da Kamenev, su ne suka kare Stalin a ranar don tsoron Trotsky, kuma Stalin ɗin ne ya sa aka harbe su a 1936. Trotsky kuwa an kore shi daga jam'iyya a 1927, daga ƙasar a 1929, aka bi shi har Meksiko aka kashe a 1940.

Ba farfagandar Turawan Yamma ba ce duk wannan maganar kisa?

Wannan tambayar tana ɓata mini rai. Takardun 'yan sandan cikin Tarayyar Sobiyat da kansu sun nuna an harbe mutum kusan 680,000 a 1937 da 1938 kaɗai. Yunwar 1932 zuwa 1933 ta ci miliyoyi a Yukiren da Kazakistan da kudancin Rasha, alhali ana fitar da hatsi waje. Har doka aka yi a Agusta 1932 wadda ta sa tsintar zangarniya a gonar gandu ke iya kai mutum kurkuku shekara 10. Khrushchev kuma, wanda ya gaji kujerar Stalin, shi ya gaya wa taron jam'iyya a 1956 cewa cikin mutum 139 da aka zaɓa a kwamitin tsakiya a 1934, an harbe 98. Shi ma ɗan farfagandar Amurka ne?

To me ya sa mutane suka bi 'yan Bolshebik tun farko?

Sun yi alkawarin zaman lafiya da gona da burodi, a ƙasar da yaƙin duniya ya cinye wa 'ya'ya. Kerensky ya ce a ci gaba da yaƙi, su suka ce a daina. Sojan da ya shekara uku a rami bai buƙaci karanta Karl Marx ba.

Rasha har yanzu ƙasar kwaminisanci ce?

Tarayyar Sobiyat ta rushe a Disamba 1991. Jam'iyyar kwaminis tana nan da kujeru a majalisa, amma ba ita ke mulki ba.

Me ya sa ake ce wa juyin 'yan Bolshebik juyin Oktoba alhali a Nuwamba aka yi?

Tsohuwar kalandarsu tana baya da kwana 13. Ranar 25 ga Oktoba a wurinsu ita ce 7 ga Nuwamba a tamu. Sun gyara a Fabrairu 1918. Sau uku ke nan ina rubuta wannan a allo.