SB 4, dokar da ta ba coci-coci damar gina wa talakawa gidaje a Kalifoniya

Abin da ya fi ɗaure min kai a matsalar rashin gida a jihar Kalifoniya ta Amurka shi ne ba wai filin ne babu ba. Coci da yawa suna da ƙaton filin ajiye motoci wanda sai ran Lahadi yake cika, sauran kwana shida fayau, alhali mutane na kwana cikin tanti a bakin titi ko cikin mota, a ƙidayar 2023 sama da mutum 180,000 ne ba su da gida a jihar kaɗai. Fastoci da mabiyansu sun daɗe suna raba abinci da barguna, da suka ga abin ya fi ƙarfin bargo sai suka ce to bari mu gina gidaje a filinmu, aka ce musu doka ba ta yarda ba.

Wace doka kenan? Ta tsarin gari. Kowane birni ya yanka ƙasarsa kashi-kashi, nan na gidan iyali ɗaya ne, can na shaguna, can na wajen ibada, kuma in kana so a canja sai ka bi ta majalisar birni, a kira taron jin ra'ayi, maƙwabta su taso su ce mu dai ba a unguwarmu ba, in wannan bai kashe aikin ba wani ya shigar da ƙara da dokar kare muhalli ta jihar wadda ake kira CEQA, ta tun 1970. Shekaru su wuce, kuɗin ya ƙare a wajen lauyoyi, ko bulo ɗaya ba a aza ba. Ƙaramar coci ina ta ga wannan ƙarfin?

Shi ne shugabannin addini da ƙungiyoyin gina gidaje masu araha suka yi ta matsa wa 'yan majalisa lamba. Sanata Scott Wiener na San Francisco ya kawo ƙudurin tun 2020 bai kai labari ba, sai a 2023 ya wuce, Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a watan Oktoba, ya fara aiki 1 ga Janairu 2024. Ita ce SB 4.

A taƙaice ta ce wajen ibada, coci ne ko masallaci ko majami'ar Yahudawa, da kwalejojin da ba na neman riba ba, za su iya gina gidaje masu araha a filinsu ko da tsarin birni bai ware wajen don haka ba. In aikin ya cika sharuɗɗa dole birni ya ba da izini, ba ƙuri'ar kansiloli, ba ƙarar CEQA.

Amma fa sharuɗɗan ba wasa ba ne. Sai filin da aka riga aka mallaka zuwa 1 ga Janairu 2024, don kar wani ɗan kasuwa ya sayi fili gobe ya kafa allon coci. Gidajen na masu ƙaramin ƙarfi ne, an dai yarda har kashi 20 cikin 100 su tafi ga masu matsakaicin samu, kashi 5 kuma ga ma'aikatan wajen. Aikin da ya wuce gida 10 sai an biya magina cikakken albashin da ake biya a aikin gwamnati. Sharaɗin da ni ya fi burge ni shi ne na shekara 55, gidan haya dole ya zauna da araha tsawon wannan lokacin, na sayarwa kuma 45, wato yaron da aka haifa a gidan zai girma har ya yi furfura ba a mayar da wajen na masu kuɗi ba.

Masu bincike na cibiyar Terner a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun ƙiyasta filin da dokar za ta iya shafa ya kai eka 171,000. Sai dai kar a ruɗe da lambar, dokar izini ta bayar, ko dala ɗaya ba ta bayar ba. Cocin da ke fama da gyaran rufinta sai ta nemo kamfanin gini da za su haɗa hannu, su bi layin tallafin gwamnati da rangwamen haraji wanda kowa ke rububi. Kuma "ƙaramin ƙarfi" a doka ya kai har mai samun kashi 80 na matsakaicin kuɗin shigar yankin, to mai kwana a tanti ba lallai layin ya zo kansa ba sai an haɗa masa da tallafin haya. Shi ya sa har yanzu masu cocin ba su daina zirga-zirga zuwa majalisar jihar a Sacramento, babban birnin Kalifoniya, ba, yanzu maganar kuɗi suke yi, ga shi dokar kanta wa'adinta zai ƙare 1 ga Janairu 2036 in ba a sabunta ta ba.